Keken Tseren Laka: Wane Majuyin Sarƙa Ya Dace da Shi?

 A wannan wata za mu duba wata wasiƙa da wani magidanci ya aiko wa filin nan, gama na ga amsarta za ta amfani gidaje da yawa, ba nasa kaɗai ba.

Ga abin da ya rubuto a taƙaice. Ɗansa, saurayi ɗan shekara 17, ya tara kuɗin aikin hutu ya sayi keke na gwanjo, cikin kayan nan da ake shigo da su daga Turai, waɗanda 'yan kasuwa sukan kira "Beljiyam". Kan keken a lanƙwashe yake kamar na 'yan tsere, amma tayarsa ta fi tasu kauri, tana kuma da ƙaya-ƙaya. Hannun giyarsa ƙirar Shimano 105 ne mai giya 10. A gaba yana da faranti 2, mai haƙora 46 da mai 36. A baya akwai jerin farantai 10, daga mai haƙora 12 zuwa mai 27. Da yaron ya ga hawan tudu yana ba shi wuya, sai ya sa aka cire jerin baya, aka sa wani wanda ya tashi daga 11 zuwa 34, sauran kaya kuwa aka bar su yadda suke. Ba a yi kwana uku ba, yana tsakiyar hawa, sai ƙarfen da ke juya sarƙa ya karye, ya faɗa cikin wayoyin ƙafar baya ya tsintsinke su, yaron ya sha ƙasa, ya ƙuje gwiwa. Mai gyara ya sa musu wani, na keken hawan dutse, ya ce ai shi ma na giya 10 ne. Tun daga ran nan sarƙa ba ta zauna lafiya ba. Sai ƙara take yi, tana tsalle, ba ta kuwa hawa manyan farantai uku na ƙarshe ko kaɗan. Uban ya ce kuɗi sun tafi sau biyu, yana gudun na uku, abin da ya fi tsoro kuwa shi ne faɗuwa ta biyu.

Malam, sannu da ɗawainiya, a gaishe mini da yaron da jiki. Matambayi ba ya ɓata. Bari mu bi zancen daki-daki.

Asalin wannan keke

Keken da ɗanka ya saya an ƙera shi ne domin wani irin tsere da ake kira saiklokuros, watau tseren keke cikin laka da yashi da ciyawa. A Faransa aka fara shi, aka yi gasar ƙasa ta farko a 1902. Beljiyam ta bi sawu a 1910. Gasar duniya ta farko kuwa a birnin Paris aka yi ta a 1950, wani Bafaranshe mai suna Jean Robic ya cinye. Yanzu dai cibiyar wasan tana Beljiyam da Holan. Mathieu van der Poel na Holan ya ci gasar duniya karo na bakwai a 2025, ya kamo Erik De Vlaeminck na Beljiyam wanda ya daɗe yana riƙe da wannan adadi. A wajen mata kuma Marianne Vos ta Holan ta ci ta takwas a 2022. Ka ga ke nan ba abin mamaki ba ne irin wannan keke ya faɗo cikin kayan "Beljiyam".

Da kaka da hunturu ake wannan tsere, daga wajen Satumba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙasarsu take jiƙe sharkaf. Ana zagaya fili mai tsawon kilomita 2 da rabi zuwa 3 da rabi, ana ta maimaitawa har kimanin sa'a guda. A Koksijde tudun yashi ake fama da shi, a Namur kuwa hawa da gangara masu santsi a gefen tsohuwar ganuwa. Inda hawa ya gagara, sai mahayi ya diro, ya saɓa keke a kafaɗa, ya sheƙa a guje. Ka riƙe wannan, gama shi ne ya sa ba a yi wa keken giya mai sauƙi ƙwarai ba. Ɗan tsere ba ya bukatarta, tun da yake a tudu mai tsanani gudu da ƙafa ya fi masa sauri. Amma ɗanka makaranta zai tafi da littattafai a baya, ba zai saɓa keke ba. Saboda haka bai yi laifi ba da ya nemi giya mai sauƙi. Kuskuren shi ne da aka sāke abu ɗaya aka bar abokan aikinsa.

Aikin majuyin sarƙa

Faransawa suka raɗa wa wannan ƙarfe suna derailleur, watau abin da ke kawar da sarƙa daga kan layinta. Mu a nan za mu kira shi majuyin sarƙa. Iyayenmu da suka hau Rale ba su san shi ba, domin kekensu faranti ɗaya ne gaba, ɗaya baya. Ko a babban tseren Tour de France sai a 1937 aka yarda kowa ya yi aiki da shi.

Aiki biyu yake yi. Na fari, in ka danna hannun giya, kebul ya ja shi, sai ya tura sarƙa gefe daga wannan faranti zuwa wancan. Na biyu, yana da wata wutsiya da ke lilo a ƙasa, mai 'yan tayoyi biyu masu haƙora, da sifirin da ke jan ta baya. Ita ce ke tattare ragowar sarƙa sa'ad da ka koma ƙananan farantai, ta sake ta sa'ad da ka hau manya. Wutsiyar iri uku ce: gajeriya, da matsakaiciya, da doguwa. A kayan Shimano za ka ga an rubuta SS, ko GS, ko SGS, bi da bi.

Kafin ka fitar da ko kwabo, akwai tambayoyi huɗu da za ka amsa, a kan wannan jeri.

Tambaya ta fari: Wace giya kake bukata?

Ba majuyi ake fara zaɓa ba, farantai ake fara zaɓa. Lissafin ba wuya. Ka raba haƙoran gaba da na baya, sa'an nan ka riɓa da kewayen taya. Tayar wannan keke, mai kaurin milimita 33, wanda shi ne iyakar abin da hukumar tseren keke ta duniya ta yarda da shi a gasa, kewayenta kimanin mita 2.16 ne. To, ga nisan da keke zai ci duk zagaye ɗaya na feda:

36 gaba, 27 baya: mita 2.88
36 gaba, 32 baya: mita 2.43
36 gaba, 34 baya: mita 2.29
46 gaba, 11 baya: mita 9.03

Domin ka kwatanta, keken da muka saba da shi mai haƙora 44 gaba da 18 baya yana cin kimanin mita 5 da rabi. Gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon sauƙin hawa. Daga 27 zuwa 34 yaron ya rage wa ƙafarsa nauyi wajen kashi ɗaya cikin biyar. Amma kome yana da farashinsa. In farantai 10 suka bazu daga 11 har 34, tazarar da ke tsakaninsu takan yi faɗi, sai mutum ya ji wannan giya ta yi nauyi, ta kusa da ita kuma ta yi sauƙi ainun. Shi ya sa 'yan tsere da yawa sukan tsaya a 11 zuwa 28 ko 11 zuwa 32. Ga mai zuwa makaranta ko gona a ƙasa mai tuddai, 32 ko 34 daidai ne.

Tambaya ta biyu: Majuyin zai iya hawa babban farantin?

Kowane majuyi yana da iyakar farantin da zai iya shiga ƙarƙashinsa, maƙeransa kuma sukan rubuta wannan lamba a takardarsa. Ga misali, Shimano 105 mai giya 11, samfurin R7000: mai gajeriyar wutsiya yana kai wa 30, mai matsakaiciya 34. Na zamanin da ya gabace shi, samfurin 5800, gajeren 28 ne, matsakaicin 32. Ka lura, suna ɗaya ne, amma iyaka ta bambanta. Don haka kada ka tsaya ga sunan da aka zana a fuska. Ka juya bayan ƙarfen, za ka ga lambar samfuri da aka buga, wadda takan fara da RD. Ita za ka bi.

Majuyin da ya zo da keken ɗanka an yi shi ne domin faranti 27 ko 28. Da aka ɗora masa 34, ɗan tayan wutsiya na sama ya riƙa gugar faranti, ba shi da wurin wucewa.

Tambaya ta uku: Wutsiyar za ta iya tattare ragowar sarƙa?

Nan ma lissafi ne irin na aji huɗu. Ka debe ƙaramin farantin gaba daga babba. Ka debe ƙaramin farantin baya daga babba. Ka tara amsoshin biyu.

Yadda keken ya zo: 46 a debe 36, saura 10. 27 a debe 12, saura 15. Jimla 25.
Bayan canji: 10 a tara da 23, watau 34 a debe 11. Jimla 33.

Wannan jimla kada ta wuce lambar da aka rubuta wa majuyin. Na R7000 da muka ambata, gajeren yana ɗaukar 35, matsakaicin 39. Da a ce farantan gaba 50 da 34 ne, kamar na kekunan titi da yawa, jimlar za ta zama 16 da 23, watau 39, matsakaicin ya cika maƙil ke nan. Ƙa'idar ita ce ka ɗauki mafi gajartar wutsiyar da za ta iya aikin. Doguwa fiye da bukata takan yi kusa da ƙasa, ta kwashi ciyawa da ƙirare da laka, sarƙa kuma ta riƙa kaɗawa.

A nan ne kuma babban dalilin faɗuwar yake. Sarƙar da aka auna domin 27 ta yi gajarta ga 34. Ranar da yaron ya hau 46 a gaba, ya kuma tura sarƙa kan 34 a baya, sarƙa ta ƙare, wutsiya ta miƙe iyakar miƙewa, ƙarfin ƙafarsa kuwa bai tsaya ba. Dole wani abu ya karye. Duk lokacin da aka ƙara girman faranti, sai a sake auna sarƙa. Ga yadda ake yi: a naɗa ta a kan babban faranti na gaba da babba na baya, ba tare da an bi da ita ta cikin majuyi ba, a haɗa bakinta biyu, sa'an nan a ƙara gaɓa biyu, watau inci ɗaya.

Tambaya ta huɗu: Yana jin harshen hannun giyarka?

A nan mai gyaran ya yi tuntuɓe, ba kuwa shi kaɗai ba ne, gama ƙaramin sani ƙuƙumi ne. A da, mahayi yakan tura hannun giya a hankali har kunnensa ya gaya masa sarƙa ta zauna. Da irin wannan hannu kusan kowane majuyi yana aiki. Amma a 1984 Shimano suka fito da hannu mai ƙas-ƙas, wanda kowane danni ɗaya yake jan kebul gwargwadon awo ƙayyadadde. Tun daga nan ya zama tilas awon hannu da awon majuyi su dace.

Duba abin da ya faru a keken ɗanka. Tsakanin faranti da faranti a jeri mai 10 akwai kusan milimita 4. Hannunsa yana jan kebul kimanin milimita 2.3 kowane danni. Majuyin da ya dace da shi yakan matsa milimita 1.7 a kan kowane milimita na kebul. Ka riɓa 2.3 da 1.7, ka sami 3.9, daidai wa daida. Amma majuyin keken hawan dutse mai giya 10 kimanin 1.2 yake matsawa. Ka riɓa 2.3 da 1.2, ba ka kai 2.8 ba. Kowane danni yana cin bashin fiye da milimita ɗaya. Kafin a yi danni 9, bashi ya haura milimita 10, watau faɗin farantai kusan uku. Ga dalilin ƙarar, ga kuma dalilin da ya sa manyan farantai uku suka gagara. Ba noti ko sukurun da za a murɗa ya gyara wannan.

Ga waɗanda suke jin harshen juna:

A gidan Shimano, hannun keken titi mai giya 8, ko 9, ko 10 na tsohon tsari, yana aiki da majuyin titi na wannan tsari, yana kuma aiki da majuyin keken hawan dutse mai giya 9 ko ƙasa da haka. Ban da Tiagra samfurin 4700, wanda ko da yake mai giya 10 ne, awonsa irin na masu giya 11 ne. Ban da kuma dangin CUES da suka fito a 2023, su ma awonsu dabam ne.

Hannun titi mai giya 11 na Shimano yana aiki da majuyin titi mai giya 11, da na dangin GRX mai giya 11. Ba ya aiki da na hawan dutse.

A gidan SRAM na Amurka, hannun titi mai giya 10 ko 11 yana aiki da majuyinsu na titi, da kuma nasu na hawan dutse mai giya 10. Campagnolo na Italiya nasu awon dabam ne. Kada ka haɗa hannun wani gida da majuyin wani gida.

Abubuwan da zamani ya kawo

Laka da gargada su ne abokan gāban sarƙa. In keke yana tsalle, wutsiya takan yi lilo, sarƙa ta saki, ta bugi ƙarfen keke ko ta zame daga farantin gaba. Maganin da aka samo shi ne wani ɗan birki a gindin wutsiya, wanda ke hana ta zabura gaba. A kekunan hawan dutse aka fara sa shi a 2011. SRAM suka kawo shi tseren laka a 2014 da samfurin Force CX1, wanda faranti ɗaya tak gare shi a gaba. Shimano suka biyo da Ultegra RX a 2018, da GRX a 2019. A na Shimano akwai ɗan makunni da ake kashewa in za a cire ƙafar baya, a kunna bayan an mayar.

Mai faranti ɗaya yana da daɗin sha'ani. Ba majuyin gaba da laka za ta toshe. Da 40 a gaba da 11 zuwa 36 a baya, keke yana cin daga mita 2.4 zuwa kusan 7.9, ya isa tsere, ya kusa isa tafiyar yau da kullum. Amma a yi hattara: majuyin da aka ƙera domin faranti ɗaya, kamar Force 1 ko GRX samfurin RX812 mai kai wa 42, ba a sa shi a keke mai faranti biyu. Cikin na faranti biyu a GRX akwai RX810, mai kai wa 34. Akwai kuma masu aiki da batir maimakon kebul, waɗanda Shimano suka fara sayarwa a 2009. Manyan 'yan tsere su suke hawa, amma su ɗin suna da keke biyu ko uku da masu wanke musu a bakin fili, suna canjawa kowane zagaye in laka ta yi yawa. Mai keke ɗaya ya nemi abin da in ya karye zai iya sayen wani bai shiga bashi ba.

To, me za ka saya?

Malam, ga shawarata. Tun da yake hannun giyar 105 ne mai giya 10, jerin baya kuma ya kai 34, ka nemi majuyin keken hawan dutse na Shimano mai giya 9, irin su Deore ko Alivio na tsohon tsari, wanda takardarsa ta yarda da 34 ko fiye. Kada lambar 9 ta ruɗe ka. Majuyi ba ya ƙirga, hannu ne ke ƙirga. Waɗansu daga cikinsu ba su da ɗan notin nan na daidaita kebul a baya, in haka ne sai a sa na tsakiyar kebul. Ka kuma tabbata sifirinsa yana jan sa wajen ƙaramin faranti in ba kebul, gama akwai waɗanda aka yi a juye. Wanda mai gyara ya sa muku ba lalatacce ba ne, ba mazauninsa ba ne kawai. Ka mayar masa cikin ladabi, ku yi musaya, ko ka sayar wa mai keken da ya dace da shi.

Sa'an nan ka sa a yi waɗannan abubuwa huɗu a gabanka.

Na ɗaya, a duba maratayi, watau ɗan ƙarfen da ke tsakanin jikin keke da majuyi. Da gangan aka yi shi mai taushi, domin ya lanƙwashe ko ya karye a madadin keken. Bayan irin wancan hatsari da wuya ya zama a miƙe. Ka tsaya bayan keke ka duba: 'yan tayoyin wutsiya biyu su kasance a saitin faranti, tsaye sak. In ya karkace, ko sabon majuyi ba zai yi aiki ba.

Na biyu, sabuwar sarƙa ta giya 10, a auna ta yadda muka faɗa. Tsohuwa kuwa ga yadda ake gane ta: gaɓa 24 na sabuwar sarƙa inci 12 ne cif. In sun wuce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, ta gaji, za ta cinye haƙoran farantai.

Na uku, sukurori biyu masu alamar H da L. Su ne shingen da ke hana majuyi wuce iyaka. Na L shi ne mai tsaron rai, gama shi ke hana sarƙa da wutsiya faɗawa cikin wayoyin ƙafa. A ɗora sarƙa kan babban faranti, a tura majuyi da yatsa wajen ƙafa. In ya matsa har ya taɓa waya, ba a gama aiki ba. Sukuru na uku, mai alamar B, shi ke nisanta ɗan tayan sama daga babban faranti. A bar tazarar kamar milimita 5 ko 6.

Na huɗu, a ɗaga ƙafar baya, a bi giya duka ɗaya-ɗaya, har da babba da babba, kafin yaron ya hau. Abin da zai karye gara ya nuna kansa a hannun mai gyara da ya nuna a gangare.

Kai kuma saurayi, kalma biyu gare ka. In kana canja giya a tudu, ka sassauta ƙarfin ƙafa na ɗan lokaci. In kuwa ka ji feda ta cije ba zato, ko ka ji ƙara a baya bayan ka ratsa ciyawa ko laka, kada ka danna da ƙarfi. Tsaya, sauka, ka cire abin da ya maƙale. Ko gwanayen Beljiyam ta haka suke karya nasu majuyin. Da damina ka wanke 'yan tayoyin wutsiya, ka share sarƙa ka ɗiga mata mai kaɗan. Da rani kada ka cika man, domin ƙura da mai in sun haɗu sukan zama kamar dutsen wāshi. In za ka kwantar da keke, ka kwantar da shi ta hagu, gefen da ba sarƙa.

Mai tafiya kasuwa ya rubuta lambobi biyar a takarda ya sa a aljihu: sunan hannun giya da yawan giyarsa, haƙoran farantan gaba, haƙoran ƙarami da babba na baya, jimlar lissafin wutsiya, da lambar samfurin da yake nema. Malam, in an gama gyaran, ina so ka sake rubuto mana yadda keken ya yi. Mai wata tambaya kuma, ƙofar filin nan a buɗe take. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.